Yadda Ake Buɗe Tirelar Tafi-da-Gidanka Ba Tare da An Sauke Fulas Daga Hammata Ba

Kai da ka gaji tirelar kwanan daji daga mahaifinka, ka yashe ta a tsakar gida tana shan rana da ruwa, matso kusa ka ji. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka kwashi iyalinka ka kai su bakin kogi, ka kwantar da su ƙarƙashin rufi, ka dawo da su gida adadinsu bai ragu ba. Kuma babu mahalukin da zai gane cewa tunda aka haife ka ba ka taɓa buɗe abar nan da hannunka ba. Dabarar ba ta ƙarya. An jarraba ta a kan mutum guda, maƙwabcina Néber Techera na nan garinmu Durazno, wanda katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma yana nan da ransa.

Ka san irin tirelar. Akwati ne mai taya biyu, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, ana ɗaura shi a bayan mota. In an isa masauki sai a murɗa wani ƙarfe, rufi ya tashi sama, tamfol ya miƙe ya zama bango, gadaje biyu su zaro ta gefe. Ta su Néber, mahaifinsa marigayi Don Secundino ne ya raɗa mata suna Kunkuru. Tun rasuwar tsohon ba ta sake fito da kai ba.

Ana nan ana nan, wata safiya na ji muryar matarsa Zulma ta kan katanga. Ba laɓe nake yi ba, ban ruwan tumatir nake yi.

"Tsoho, buɗe kunnenka ka ji ni. Na gaji da zagaye abin nan duk lokacin da zan je shanya. Ga hutun makon Turismo nan tafe, kowa zai tafi bakin ruwa. In mun kwana a cikinta, ko dare ɗaya ne, ta zauna. In ba mu kwana ba, Mama ta ce tana so. Akurkinta ya yi wa kajinta kaɗan."

"Kunkurun Babana? Kaji?"

"Su ko ba komai za su shiga ciki. Kai fa?"

To ka ji abin da ke gabanka. Ko dai iyalinka su kwana a cikinta, ko kajin surukarka. Mu fara.

Mataki na Ɗaya: Ka fafe gora ranar tafiya

Za a ce maka ka gwada buɗe ta a gida tukuna. Kada ka yarda. Masu wannan shawara ba su da maƙwabta. In ta ƙi buɗewa a gida, unguwa ce za ta gani, kuma unguwa ba ta mantuwa. In ta ƙi a bakin kogi, baƙi ne za su gani, mutanen da ba za ka sake haɗuwa da su ba sai a lahira.

Duk wanda ya matsa maka, ka daki murfin akwatin da tafin hannu, ka ce, "Wannan? Ai ido rufe nake buɗe ta." Néber ya faɗi haka har shi kansa ya kusa yarda.

Gaskiyar maganar ita ce, tun yana yaro aikinsa ɗaya ne in an isa bakin kogi. Don Secundino zai zaro fulas daga hammata, ya haɗa da ƙoƙon da yake shan mate a ciki, wato shayin nan mai ɗaci da ake tsotsa da bututu, ya miƙa masa, ya ce, "Riƙe min, ɗana." Sai ya durƙusa gaban tirelar, a ji ƙiii, rufi ya tashi. Néber ya girma, ya yi gemu, ya yi aure, ya haihu, yana riƙe da fulas. Gadon bayan mahaifinsa kawai ya sani, bai san abin da hannuwan ke yi ba. Bayan rasuwar ya gaji ƙoƙon da tirelar, ya rungumi ɗaya ya guji ɗaya. Ba lalaci ba ne, ko da yake akwai shi. Tsoro yake ji. Yana tsoron ta ƙi buɗewa, yana kuma tsoron ta buɗe ya shiga ya tarar babu kowa a ciki.

Kai dai ka ce ido rufe kake buɗe ta.

Mataki na Biyu: Kayan da ba a tafiya sai da su

A nan ne masu ƙaramin sani ke ɓata lokaci da zancen tocila da maganin sauro. Ka bar su. Kayan zango na gaskiya ga su.

Fulas da ƙoƙo da bututun tsotso. Waɗannan ba kaya ba ne, gaɓoɓin jiki ne, na ambace su ne don kada a ce na manta. Ganyen yerba kuwa, wanda ake jiƙawa a yi mate, ka ɗauki wanda zai ishi gari in an yi masa ƙawanya.

Ragar gasa nama. Ka ɗaure ta a saman mota ta yadda duk wanda ya wuce ku zai san gidan mutunci kuka fito. Naman kansa ana iya mantawa, ragar ce ba a mantawa.

Itace. Na sani daji za ka. Itacen daji na daji ne, ba ku san juna ba.

Waya, dunƙule guda. Duk abin da ya karye a ƙasar nan da waya aka ɗaure shi, kuma ƙasar tana nan tsaye. Sai rediyo don ƙwallo, da karta don a sami abin faɗa in an gaji da zaman lafiya.

Sauran tarkace, su bargo, su tukunya, su fitila, amsarsu ɗaya ce: suna ciki. Akwatin rufe yake, ba mai iya ƙaryata ka. Dubi yadda Néber ya yi da 'yarsa Maite, budurwar da ba ta ɗaga ido daga wayarta sai in za ta tuhumi wani.

"Baba, barguna fa?"

"Suna ciki."

"Tocila?"

"Tana ciki."

"Abin cajin waya?"

"Yana ciki."

"Baba, rabon da a buɗe abin nan ba a ma ƙera irin wayata ba."

"Ke ba ki san kakanki ba. Mutum ne mai hangen nesa."

Ka ga yadda ake yi. Kada ka yi jinkiri, kada ka kalli idon mai tambaya.

Mataki na Uku: Suruka

Wasu na sa ta cikin fasinja. Ni cikin kaya nake lissafa ta, don ita ce ke tantance yadda mota za ta karkata.

Doña Elbia, mahaifiyar Zulma, ba a gayyace ta ba. An fito da safe ne aka tarar da ita zaune a kujerar gaba, ta ɗaura bel. Gajeruwar tsohuwa ce mai tabarau, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba don ba ta taɓa buƙata ba. Ta taho da fulawa da kitse, domin ta ce za a yi ruwa, kuma ba a yin ruwa a bar mutane babu torta frita, soyayyar gurasar nan. Ta taho da risho, da kujerarta mai naɗewa, da tef ɗin awo na ɗinki. A kan cinyarta kuma kwando, a cikin kwandon jar kaza.

Néber ya leƙa ta taga, ya cire hula. "Doña, barka da asuba. Wannan ta miya ce?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Pocha ce, babbar kajina. Ta zo ganin gida."

"Wane gida, Doña?"

"Kai za ka tare a gidan da ba ka gani ba? Tada mota, ɗana, rana na yi."

Shawarata a nan ita ce kada ka yi gardama. Mutumin da ya tsaya musu da kaza ya riga ya faɗi, ko da shi ke da gaskiya.

Mataki na Huɗu: Kada ka yi baya

Tirela ba ta san baya ba. Ka juya sitiyari dama ta tafi hagu, ka juya hagu ta tafi inda ta ga dama. Saboda haka in kun isa filin zangon, ka yi ta tafiya gaba har wani abu ya tsayar da kai. Inda ka tsaya, ka fito, ka riƙe ƙugu, ka shaƙi iska, ka ce tun daga gida nan ka nufa.

Néber bishiya ce ta tsayar da shi. Wuri ne mai gangara, kusa da banɗakin jama'a, ƙofar Kunkuru ta juya wa Kogin Negro baya.

Zulma ta ce, "Tsoho, kogin fa yana can."

"Kogi ai kowa ya san kamanninsa. Ruwa ne."

Mataki na Biyar: Ka tara maza

Yanzu an zo wurin. Ka je gaban tirelar cikin natsuwa, fulas a hammatar hagu, ƙoƙo a tafin hagu, kamar kowane ɗan halak. Hannun dama shi aka bar wa duniya. Da shi ake tuƙa keke, da shi ake ɗaukar jariri, da shi ake sa hannu a takardar aure, ban ga dalilin da tirela za ta nemi fiye da haka ba.

Néber ya durƙusa inda ya saba ganin bayan mahaifinsa. Ga ƙarfen murɗawa nan. Ya kama, ya murɗa, ko gezau. Ya leƙa ƙasa, sai ya ga wata 'yar sakata mai sifirin, can gefe, wadda sai an danne ta ƙarfen ke juyawa. Ya danne ta, ya saki don ya kama ƙarfen, ta koma ƙaras. Ya sake dannewa, ya saki, ƙaras. Ashe aikin na hannu biyu ne.

In haka ta same ka, kada ka firgita. Ka miƙe, ka tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙo, ka tsotsa, kana kallon tirelar kamar likitan da ya gano cutar yana tunanin yadda zai gaya wa dangi. Maza za su zo. Ba a kiran su. Namiji na jin ƙanshin ƙarfen da ya ƙi aiki daga nesa.

Na farko da ya iso wani tsohon direban bas ne mai gashin baki, Don Ubaldo, daga tantin da ke kusa. Bayansa wasu suka biyo, kowa da fulas ɗinsa a hammata, suka yi da'ira.

"Maƙwabci, ta ƙi ne?"

"Ina! Hutawa take yi. Ta sha hanya."

"Haka ne, ƙarfe ma na gajiya. A zamaninmu da ƙafa ake danne sakatar nan."

Wani siriri ya ce, "Da ƙafa? Gwiwa dai. Wan matata na da irinta."

"Wan matarka ai kwale-kwale gare shi."

"To ba duk abin ja ba ne?"

Ka lura, babu wanda ya miƙa hannu. Haka tarbiyya ta ce. Ba a taɓa wa mutum naman da yake gasawa, ba a motsa masa bututun ƙoƙo, ba a taɓa masa tirela. Shawara ake ba shi har ya mutu. Néber ya gwada ƙafa, takalminsa ya maƙale. Ya gwada gwiwa. Ya gwada haɓa, sifirin ya kama masa gemu. Ya ɗaure sakatar da waya, wayar ta tsinke, aka yi shiru na girmamawa, don ba kullum ake ganin waya ta gaza ba.

Ga asirin matakin. Ka zuba mate ka miƙa wa na kusa da kai. Da zarar ƙoƙo ya fara zagaye, ka tsira. Mai zubawa ba ya ajiye fulas sai kowa ya ƙoshi, kuma ka san yadda ake cewa an ƙoshi: mutum ya maido ƙoƙo ya ce "na gode". Wanda ya ce na gode ya fita layi, ba a ƙara miƙa masa. Wanda ke son ƙari kuwa shiru yake maidowa. To wa zai ce na gode ga kallo kyauta ga mate na wani? Babu. Ƙoƙo ya yi ta zagaye, ana ta muhawara kan sifirin, rana na karkata. Da Zulma ta ƙwala masa kira daga mota, Néber ya ɗaga kafaɗa ya nuna mata jama'a.

"Ina da baƙi, mata. So kike a ce ba ni da tarbiyya?"

Ta rufe ƙofar motar da ƙarfin da ya sa kazar ta yi kuka.

Mataki na Shida: Hadari

Ban sa shi cikin kaya ba don shi ke kawo kansa. Duk makon Turismo da ba a yi ruwa ba, a duba kalanda, an yi kuskure.

Ya taso daga ƙetaren kogi, baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa tantuna. Doña Elbia ta tashi daga kujerarta, ta ɗora tukunyar ruwa a risho a gindin bishiya, ta warware tef ɗinta, ta fara auna Kunkuru tsawo da faɗi. Tana awo tana yi wa kazar bayani.

"Nan za a gitta sandar kwana. Nan kwandon ƙwai. Ke ki ɗauki ɓangaren da ba ya kallon banɗaki."

Néber ya karkata fulas don ya zuba wa Don Ubaldo, sai ɗigo biyu suka faɗo. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A daidai lokacin yayyafi ya fara sauka.

Don Ubaldo ya dubi sama, ya maido ƙoƙo. "Na gode, maƙwabci."

"Na gode."

"Na gode, Allah ya ba da sa'a."

Ɗaya bayan ɗaya suka gode masa, marasa imani, suka koma ƙarƙashin rumfunansu, suka juyo da kujeru suna fuskantarsa. Kallon bai ƙare ba, wurin zama kawai aka canza.

Ya rage shi kaɗai a cikin ruwa. Babu baƙo, babu ruwan zafi, babu hujja. Abin da ya rage kawai ya sunkuya ya ajiye fulas da ƙoƙo a ƙasa, ya kama aiki. Ya sunkuya ɗin. Hannun ya ƙi saki. Ƙoƙon nan bai taɓa zama a ƙasa ba ranar buɗe Kunkuru. Kullum daga hannu yake zuwa hannu, wani ya riƙe, wani ya murɗa. Sai yanzu ya gane cewa shi ne ya koma mai murɗawa, kuma bai san wa zai ce wa "riƙe min" ba. Zulma na mota tana fushi. Maite ta toshe kunnuwa. Ya tsaya a sunkuye ruwa na bin ƙeyarsa.

Sai ruwan ya daina dukansa. Ya ɗaga kai ya ga lema, ƙarƙashin lemar Doña Elbia, ta miƙo hannu.

"Kawo."

"Doña, na Babana ne."

"Na san na waye. Na sha a cikinsa ranar da ya zo nema maka auren 'yata, kana laɓe a mota kamar yadda 'yar tawa take laɓe yanzu. Kawo, na ce. Ƙato da kai ba ka san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba?"

A nan dole in tsaya in yi maka gargaɗi, don zuciyata na tafasa duk lokacin da na zo wannan gaɓa. Doña Elbia da sukari take shan mate. Sukari! Har da ɓawon lemo. Kuma ƙoƙon da aka horar da ɗaci, in sukari ya shige shi sau ɗaya, ya shiga ke nan. Ka wanke, ka kankare, ka shanya, ka kai shi coci a yi masa addu'a, zaƙin na nan a jikinsa har ya fashe. Don Secundino ya yi rayuwarsa duka bai bar ƙwayar sukari ta kusanci ƙoƙon nan ba. Néber ya san haka. Yana ma hango ƙunshin sukarin a aljihun rigarta.

Ya dubi ƙoƙon, ya dubi Kunkuru. Ya dubi kazar, ita ma tana dubansa.

Ya ɗaga hammata, ya sakar mata fulas da ƙoƙo.

Daga rumfunan maƙwabta aka ji wani nishi ya tashi gaba ɗaya. Don Ubaldo ya cire hula ya dafe ƙirji.

Mataki na Bakwai: Murɗa

Hagu a kan sakata, dama a kan ƙarfe. Shi ke nan. Duk ilimin ke nan, ka yi haƙuri in ka zaci ya fi haka.

Kunkuru ta yi ƙiii, irin kukan da Néber ya sani tun yana ɗan ƙarami. Rufi ya motsa, ya tsaya, ya yi kamar zai fasa, sannan ya tashi a hankali. Tamfol ya miƙe yana zubar da ƙura da gawar gizo-gizo. Zulma ta fito daga mota ba lema, ta kama gado ɗaya ta ja, Maite ta cire abin kunnenta ta kama ɗayan. Maza suka yi tafi, kowa da hannu ɗaya a cinya.

Ya buɗe 'yar ƙofar ya shiga. Babu bargo, babu tocila, babu tukunya, abin cajin waya kuwa ba a ma magana. Katifu biyu ne da suka lafe kamar gurasa, da dunƙulen waya, da hular mahaifinsa a rataye a ƙusa. Amma warin na nan: danshin tamfol, ƙarnin kifi, da tabar da tsohon ke naɗawa da hannu. Néber ya zauna a bakin gado, hannuwansa biyu a sake bai san inda zai sa su ba, ya fashe da kuka kamar yaro. Zulma ta zauna kusa da shi ta dafa bayansa. Maite ta sauke hular ta kifa a kanta.

Pocha ce ta katse su. Ta yi tsalle ta shigo, ta taka katifar dama, ta taka ta hagu, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta karkata kai ta dubi inda rufi ke ɗiga. Sannan ta juya ta fice cikin ruwa.

Doña Elbia ta shigo tana kakkaɓe lema, fulas cike da sabon ruwan zafi a hammatarta. "Ba ta so. Ta ce gadon ya yi tsayi, kuma wurin warin taba yake. Ka riƙe abinka, kajina ba sa zaman wahala."

Zulma ta ce, "Mama, ai sai an kwana tukuna."

"To ina za mu, a wannan ruwa? Matsa min."

Ta zauna, ta zuba sukari cokali guda a gaban idonsa, ta tura ɓawon lemo, ta tsiyaya ruwa, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya tsotsa. Zaƙi ya bugi haƙoransa har cikin kunne, amma akwai zafi, shi kuma yana rawar sanyi. Ya shanye har bututun ya yi ƙurrr, yadda ladabi ya ce.

Ya dubi tsohuwar nan da ta jiƙe har gwiwa saboda shi. Tunda ya auri 'yarta bai taɓa jin yana son gode mata tsakani da Allah ba sai yau. Kalmar ta taso daga cikinsa, ta iso leɓe, ya buɗe baki da ƙoƙo a hannu. Sai ya tuna. In ya faɗa yanzu, abin da kowa zai ji shi ne: ya ishe ni, ɗauke maten sukarinki.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ka ce wani abu ne, ɗana?"

"A'a, Doña."

"Na zaci na ga bakinka ya motsa."

"Sanyi ne."

"To kawo in ƙara maka."

Ya miƙa shiru. Ta ƙara cokali guda.

Mataki na Takwas: Sauran

Babu wani sauran da ya dame ka. Doña Elbia ta soya torta frita a bakin ƙofa, ƙanshin ya jawo Don Ubaldo, wanda ya kawo aron barguna yana kauda kai daga ƙoƙon. Gari ya waye da su huɗu a cikin Kunkuru, kowa da ciwon wuya, kasko a tsakiya yana tarar ɗigon rufi. Kazar ta kwana a mota, a kujerar direba.

Yadda ake naɗe tirelar a dawo gida kuwa wani fanni ne daban, ban karance shi ba. Ta Néber ta shigo unguwa rabi a buɗe, ɗaure da waya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin komai. In rufi ya faɗo maka a ka, in sifirin ya cinye maka gemu, in 'yarka ta daina yarda da kalmar "yana ciki", in ka shiga ka shaƙi warin da ya karya maka zuciya a gaban iyalinka, kai ka jawo, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba, ban ruwan tumatir nake yi. Wanda ƙoƙonsa ya lalace da sukari kada ya kawo min ƙara, kuma kada ya miƙo min shi ta kan katanga, ba na sha.

Kada kuma a tambaye ni yaushe Néber zai gode wa surukarsa. Ya yi niyyar ya tare ta wata rana babu ƙoƙo a tsakaninsu, ya faɗa mata a fili. Har yau bai samu ba, don ba ta shigowa gidan sai da hannu a miƙe. Kunkuru na nan a tsakar gida, Zulma na zagaye ta in za ta shanya. Duk Lahadi tsohuwar kan zo, ta zauna a inuwar tirelar, ta zuba, ta miƙa. Shi kuma ya shanye, ya yamutsa fuska, ya maido mata shiru.